Mai Gyaran Rediyon da Na Saka a Cikin Jirgi

Shekarun baya, lokacin da Potiskum ke kulle ƙofa tun kafin magariba, ina da gidan kallo a Hausari. Yawancin masu bina a wannan shafin da tuƙin keke suka san ni, ba su san na taɓa yin sana'ar zaune ba. To na taɓa yi, har da benci goma sha biyu da janareto nawa na kaina. Duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi na rasa su, sai in ce masa rikici ne. Ba ƙarya na yi ba, amma ban cika zancen ba. Yau zan cika shi.

Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Turancina irin wanda ake tsinta a bakin talabijin ne, rabi ji rabi cinta. Duk da haka da shi nake cin abinci, domin a gidan kallona ba a barin fim ya yi magana shi kaɗai. Sai in rage murya, in tsaya gefen talabijin da rimot a hannu, ina faɗa wa mutane da Hausa abin da ake cewa. Inda na ji, in faɗa. Inda ban ji ba, in cike da nawa. Shekara da shekaru ba wanda ya kama ni.

Ina kuma da wata dabara da ta sa ake baro wasu gidajen a zo nawa. Sunayen Turawa ba sa zama a bakin mutanenmu, saboda haka duk wanda ya fito a fim sai in laƙa masa sunan wani ɗan unguwa. Mai tumbi da tsawa ya zama Bulama, wato mai unguwarmu. Mai rowa ya zama Mai Awo. Wanda aka ba sunansa sai ka ga ya zo gobe da abokansa biyu su ga abin da zai aikata. Ba wanda ya taɓa jin haushi. Neman a saka su ma suke yi.

Da abubuwa suka lalace, aka fara kai hari wuraren taruwar jama'a, Bulama ya zo da kansa ya ce umarni ne daga sama, kowane gidan kallo ya rufe. Na ce to. Na sa kwaɗo a ƙofar gaba, na sauke dish daga kan rufi, na kwashe kayan zuwa siton bayan gidanmu inda marigayi mahaifina ke ajiye wake. Janareto na tona masa rami na kifa tsohuwar katifa a kai don kada a ji kukansa. Tsakanin azahar da la'asar muke kallo, mutum ɗai-ɗai ake shigowa ta lungu, kuma kowa ya san ƙa'ida: abin da aka gani a sito, a sito yake kwana. In zancen ya fita, ni da mai kallo duk mun shiga uku.

Tun da ba dish babu ƙwallo, sai faifai. Abokina, wani Kirista ɗan kudu da ke sayar da kayan wuta a kasuwa, shi ya miƙo mini wata leda mai faifai shida. Ya ce, "Oga, wannan zai riƙe maka mutane wata biyu. Tsohon fim ne, sun sake yin shi sabo."

Labarin shi ne duniya ta ƙone ƙurmus. 'Yan Adam da suka rage sun dunƙule a cikin wasu 'yan jirage suna yawo a sararin samaniya, suna neman inda akwai ruwa da ƙasar shuka su sauka. Ruwan sha da kofi ake aunawa. Ana kashe fitilu don kada a hango su. Kuma duk inda suka laɓe, ba a jimawa sai masu farautarsu sun iso, ba a san ta yaya ba. Na sha nuna fim, amma ban taɓa ganin mutanen Hausari sun yi tsit irin na wannan ba. Ranar farko da aka nuna wata mata tana ƙirga 'ya'yanta bayan hari, wani dattijo a bencin baya ya ce, "Wannan ai mu ne, sai dai su nasu garin yana tafiya."

A cikin masu zuwa akwai wani mutumin Gadaka, mai gyaran rediyo. Shekara ɗaya ke nan da ya tare a unguwar da matarsa da 'ya'ya biyu, ya kama shago kusa da famfo. Siriri ne, ba ya son hayaniya, Hausarsa da ɗan nauyin harshen garinsu. A lokacin an yanke sabis ɗin waya, rediyo ta zama ita ce idon kowa da kunnensa, don haka shagonsa kullum a cike. Ya ɗaure wata doguwar waya a kan gora saman rufin shagon, da ita yake gwada rediyon da ya gyara. Mutum ne mai kirki. Laifinsa ɗaya: ya gama sakandare.

Ina tsakiyar bayani, na ce mutum tara sun mutu, sai na ji murya daga benci na uku.

"Malam, yi haƙuri. Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi ruwan da ya rage musu na kwana tara ne."

Aka yi dariya. Na ce ai duk ɗaya ne, in ruwan ya ƙare za su mutu. Aka ƙara dariya, na wuce. Washegari ya sake. Jibi ma haka. Ba da izgili yake yi ba, har hannu yake ɗagawa kamar a aji, kuma wannan ladabin ya fi komai ƙona mini rai. Wata rana Mai Awo, wanda ke sayar da hatsi a bakin layinmu, ya ce, "Kai, ba shi rimot ɗin mana ka zo ka zauna!" Sito ya ɗauki shewa. Mai rediyon ya ce a'a, shi bai iya ba da labari ba, ai ni gwani ne. Sannan ya ƙara da murmushi, "Shi fa har riga Bature magana yake yi."

Na yi yaƙe. Amma ya taɓa inda nake ɓoyewa. Kullum da hantsi, in gida ya yi shiru, nakan shiga sito ni kaɗai in kalli na gaba sau biyu, wani lokaci sau uku, in haɗa abin da zan faɗa. Mutane sun ɗauka nan take nake ji ina juyawa. Da wannan mutuncin nake taƙama a unguwa, ba ni da wani.

To a irin wannan kallon na hantsi na yi nisa har faifai na huɗu, su kuwa suna na biyu. A nan na ga abin da na gani. Akwai wani shiru-shiru a cikin babban jirgin, mai gyaran na'urorin sadarwa, kullum kansa a cikin wayoyi. Ashe shi ne ke aika wa maƙiya alamar inda suke. Na tsayar da faifan, na dubi fuskarsa, na ji wani daɗi ya ratsa ni. Har lokacin ban ba shi suna ba.

Da azahar da ya fito, na nuna shi da rimot na ce, "Wannan kuwa kun san shi. Mai Rediyo ke nan."

Aka tafa. Mutumin Gadaka ya yi dariya har da rufe baki. Ya ce ya san fim ɗin, ya ga na da yana yaro, ta tagar gidan hedimasta a talabijin mara kala. "Wannan shi ke ceton su a ƙarshe. Na gode, Malam, ka ba ni mutumin kirki."

Na ce, "Ai ka cancanta."

Mako biyu ina jira. Yana zuwa da wuri, yana zama a gaba. In mutuminsa ya gyara wani abu a jirgi, a dafa masa kafaɗa. Ranar da asirin zai tonu na sa sabuwar riga, Allah shaida. Aka kama mutumin a gaban na'ura, aka titsiye shi, ya yi wata 'yar magana da ko rabinta ban ji ba. Ni kuwa na gyara murya na ce:

"Ni baƙo ne a cikinku. Na ci abincinku, na sha ruwanku. Kuna barci, ina kiran su."

Can sai wani direban keke ya fashe da dariya. "Mai Rediyo! Ashe kai ne!" Sai kowa ya ɗauka. Shi kuwa idonsa na kan talabijin. Ya ce a hankali, "Sun canza shi. A na da ba haka yake ba." Ya motsa kamar zai ɗaga hannu, ya dube ni, ya fasa. Ranar ce ta farko da bai gyara mini ba. Na ci tuwo da yawa da yamman nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne wasa ba ya tsayawa a sito. Direbobin keke in sun wuce shagonsa sai su danna oda su ce, "Mai kiran su, ina gajiya?" Ya ɗaga musu hannu. Amma shagon kusa da famfo yake, kuma famfo ba ya rabuwa da mata da masu turin ruwa, waɗanda ba su taɓa ganin fim ɗin ba. In ɗaya ta tambaya, me ya sa ake ce masa haka, wanda ya sani ba zai iya bayani ba, domin bayani yana nufin ya ce yana zuwa kallo a ɓoye. Sai ya ce, "Ke dai bari kawai." Ku da kuka zauna a garin nan a shekarun, kun san abin da "bari kawai" ke haifarwa.

Na ji zancen yana yawo. Na ji shi a wurin mai shayi, an riga an ƙara masa ƙafa. Na yi shiru, na ce zai wuce.

Sai wata Talata da safe aka shigo unguwar da ke bayanmu a kan ƙafa, aka je gida ɗaya tak, aka harbe wani mutum da kowa ya san yana taimaka wa 'yan sintiri, aka fice. Maharan ba su tambayi kowa hanya ba. Kafin a dawo daga maƙabarta tambaya ɗaya ce a bakin mutane: babu sabis, wa ya nuna musu gidan? Washegari idanu suka koma kan gorar nan da doguwar waya.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin sito, mahaifiyata ta turo ƙofa ba sallama. Ita kaɗai ce a gidan ke yi mini haka.

"'Yan sintiri sun kama mai rediyo. Yana ƙofar Bulama. An aika a kira motar jami'an tsaro."

Na ce, "Inna lillahi."

"Bar salatin nan. Matarsa na tsakar gidana tana birgima. Ta ce mijinta ya gaya mata a ɗakin nan aka sa masa sunan. Haka ne?"

"Iya, wasa ne fa."

"To tashi ka je ka gaya musu wasa ne."

Na ce mata ta san abin da take cewa kuwa? In na buɗe baki, talabijin ya tafi, janareto ya tafi, ƙila ni ma a haɗa da ni. Na ce akwai mutum fiye da ashirin da suka san gaskiya, wani zai faɗa. Na ce Bulama mai hankali ne. Na kawo dalilai da yawa, duk masu kyau. Ta bar ni na gama, sannan ta ja mayafinta.

"Wanda aka sa a motar nan, ka taɓa ganin ya dawo ya ba da labari? Zauna ka rungumi akwatinka. Ni zan je. Amma ka sani ni ban iya rage zance ba, yadda yake zan zazzage shi."

Na riga ta fita. Ba don jarumta ba, kada wani ya rubuta mini haka a ƙasa. Tsoron bakinta ne ya fi tsoron motar a wannan minti.

Ƙofar Bulama a cike take. Mutumin Gadaka na zaune a ƙasa ƙarƙashin dogon yaro, an ɗaure masa hannu ta baya da wayar eriyarsa, leɓensa ya fashe. An tara rediyoyin mutane a gabansa kamar kayan shaida. Bulama na kan kujera yana jan carbi, fuskarsa ba annuri. Shugaban 'yan sintiri, wani ƙato da sanda, shi ke magana.

"Ranka ya daɗe, ba mu muka ƙaga ba. Da bakinsa ya faɗa a gaban mutane. Ya ce shi baƙo ne a cikinmu, ya ci abincinmu ya sha ruwanmu, muna barci yana kiran su."

Ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Maganata ce ta zaga unguwa ta dawo, an cire ta daga bakina an sa a nasa.

Na duba taron. Na ƙirga mutum takwas 'yan sito, har da Mai Awo da direban keken da ya fara dariyar. Duk wanda muka haɗa ido sai ya ga wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na faɗi maganar nan. Ba shi ba."

Taro ya juyo. Na yi bayani, a hargitse: fim ne, jirage ne a sama, ni ke ba mutane suna. Shugaban 'yan sintiri ya matso har ina jin warin goro a bakinsa.

"Wane fim? Gidan kallonka ba a rufe yake ba?"

"Ƙofar gaba ce a rufe."

"Su wa ke kallon?"

Na ce, "Ga su nan a tsaye."

Ba wanda ya ɗaga kai. Direban keken ma cewa ya yi, "Ni dai ban san zancen ba," ya ja da baya. Wani daga can ya ce ƙila bakinmu ɗaya da mai rediyon, a haɗa mu. Na ji an riƙe mini wuyan riga ta baya.

Bulama ya dubi inuwar bishiya ya ce, "An kusa azahar, motar na hanya. In akwai fim, a kawo shi nan in gani da idona. Ku biyu ku raka shi."

Ban taɓa sanin tsakanin gidanmu da ƙofar Bulama akwai nisa ba sai ranar. Talabijin da na'urar faifai a baro, janareto 'yan sintiri biyu suka kinkima suna zagina, mahaifiyata a baya da ledar faifai a ƙarƙashin mayafi. Duk ƙarar mota da na ji a babban titi sai in waiwaya. Muka kafa a fili, rana ta haske gilashin ba a ganin komai. Muka kwashe zuwa zaure. Na ja igiyar janareto sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, ya yi tari ya mutu. A na shida ya kama. Tun da na koma sito ban ji kukansa a fili ba sai ranar, kullum yana ƙarƙashin katifa. Duk unguwa ta ji.

Aka shigo da mai rediyon aka durƙusar da shi a bakin ƙofa. Na sa faifai na huɗu, na tura gaba. Jirage suka fito, Bulama ya gyara zama. Saura kaɗan a kai wurin, hoton ya tsaya cak, fuskar wata Baturiya ta rabu gida-gida. Na danna, na sake dannawa. Na fiddo faifan, na kama gefen rigata ina murza shi ina zagayawa, zufa na ɗiga a kai.

"Ba haka ba, Malam."

Mai rediyon ne. Hannu a ɗaure, jini a haɓa.

"Daga tsakiya zuwa baki. Kada ka zagaya, ƙara karce shi kake yi."

Ko a ranar sai da ya gyara mini. Na yi yadda ya ce. Faifan ya tafi.

Aka nuno mutumin a gaban na'urarsa, aka kama shi. Na buɗe baki zan fassara, Bulama ya ɗaga hannu ya ce bakina ya isa haka, a nemo wani mai jin Turanci. Sai na ji an ce, "Oga Bulama, ina nan." Abokina ne ɗan kudu. Labari ya kai masa kasuwa, ya rufe shago ya taho, a lokacin da irinsa ba sa son a gan su a taro ko na suna ne. Ya ce shi ya sayar mini da faifan. Aka maimaita wurin sau biyu, ya saurara, ya ce da Hausarsa mai gargada: mutumin cewa ya yi sun kama iyalinsa ne, ba shi da yadda zai yi.

Bulama ya juyo gare ni. "Ina baƙon? Ina abincin da ruwan?"

"Ni na ƙara, ranka ya daɗe."

"Don me?"

"Don labari ya yi daɗi."

"Da ka sa masa sunan, ka san abin da mutumin zai zama?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ƙarya na yi, a gaban mahaifiyata.

Daidai nan aka nuno mai rabon abinci a jirgin yana ƙwace kofi daga hannun wani. Sai Mai Awo, da ke leƙe ta taga, ya yi wata 'yar dariyar tsoro ya ce, "Wancan ni ne." Kamar an cire toshiya. Wani ya ce shi ne direban ƙaramin jirgi. Wani ya ce shi tun faifai na biyu aka kashe shi. Bulama ya nuna mai tumbin da ke daka tsawa ya ce, "Wannan fa?" Kowa ya kau da kai. Na ce, "Shugabansu ne, ranka ya daɗe." Ya dube shi da kyau, ya dubi cikinsa. Ya ce a kwance mai rediyon. Shugaban 'yan sintiri ya kwance wayar yana gunaguni, yana cewa shi dai har yanzu gorar nan ba ta kwanta masa ba.

Ana cikin haka motar ta tsaya a waje.

Bulama ya miƙe ya gyara hula. Ya ce a hankali, ni kaɗai da na kusa muka ji, "Mu muka kira su. Ba za su koma hannu wofi ba." Ya fita ya ce musu an kama gidan kallo na ɓoye, ga kayan, ga mai shi. Suka loda talabijin da janareto da na'ura da ledar faifan. Ni kuma na sha mari biyu, na yi tsallen kwaɗo daga ƙofar Bulama zuwa famfo da dawowa a gaban duk wanda ya taɓa biya ya ji Turancina. Suka tafi da ni, suka sako ni kafin dokar hana fita saboda Bulama ya bi baya. Ina tsallen nan na hango mai rediyon yana tattara rediyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana hure musu ƙasa.

Ya kuɓuta, amma ba wanda ya sake kai masa gyara. Wanda bai zo zauren ba bai yarda ba, wanda ya zo kuma yana jin kunyar haɗa ido da shi. Kwana goma ya kwashe iyalinsa ya koma Gadaka. Ni kuma na zauna wata da watanni ba sana'a kafin wani ya ba ni keke.

Shekara shida bayan haka, gari ya lafa, na je Gadaka ranar kasuwa sayen wake. Na gan shi a wata rumfa, yanzu wayar hannu yake gyarawa, ya fara furfura. Na so in wuce, ya kira ni. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo mini ruwa. Muka gaisa, ya tambayi Iya, na ce ta rasu, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Wai sun samu inda suka sauka kuwa?"

Na ce ban sani ba, faifan ƙarshe ya tafi a motar, ban kai gare shi ba.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗiga dalma a cikin wata waya. Bai ɗago ba ya ce, "Ranar da ka sa mini suna, ka riga ka gani. Ko ba haka ba?"

Na dubi ruwan da ke hannuna.

"Ai na taɓa gaya maka. Kana riga Bature magana."

Na ce, "Na gani."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya hure wayar, ya ce, "Sha ruwanka, zai yi zafi."

Har yau ina jin haushin mutum takwas ɗin nan da suka tsaya kallon takalmansu. Biyu a cikinsu yanzu manya ne, in suna ba da labarin shekarun rikici sai ka ɗauka su suka tsare garin. Ina jin haushin wanda ya canza fim ɗin ma, ko waye shi, da ma ya bar mutumin kirki a yadda yake. Amma in na gama zagayen haushina nakan dawo wuri ɗaya. Mutum ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce ruwa ne ba gawa ba, ni kuma na zauna mako biyu, ina ci ina sha, ina jiran ranar da za a yi masa dariya, a garin da na san sarai abin da ake yi wa wanda aka nuna da yatsa.

Yanzu in fasinja ya shiga kekena ya fara, "Ka ji abin da ake cewa a kan wane?" sai in ce masa ban ji ba, kuma kada ya gaya mini. Wasu na cewa ba ni da fara'a. Gaskiyarsu.

Ɗana ya ce fim ɗin yana nan a waya, zai iya sauke mini har ƙarshe in ga ko sun sauka. Na ce ya bari. Wanda ya kamata ya ga ƙarshen yana Gadaka, kuma shi ne zai ji abin da suke cewa.